Lasifikokin Kitione

Duk wanda ya sake ce mini Kitione mutumin kirki ne, sai na watsa masa ruwan wanke-wanke. Ba wai ƙarya yake yi ba. Kirkin ne ya cinye mutumin nan, kuma masu yabon su ne suka zo da cokulansu. Ni Salanieta taubashiyarsa ce, uwata da ubansa ciki ɗaya suka fito, don haka a duk unguwarmu ta bakin kogin Rewa ni kaɗai al'ada ta ba bakin gaya masa duk abin da ya zo mini. Na kuwa gaya masa, shekara da shekaru. Sai ya yi murmushin nan nasa mai ban haushi ya ce, "Sala, kin ci abinci kuwa?"

Tun yana saurayi ya kama aikin jirgin ruwa, irin masu jigilar mutane da buhunan kwakwa tsakanin tsibirai. Wurinsa can ƙasa ne, ɗakin inji, inda ba a jin maganar mutum sai an sa baki a kunne. In ya sauka Suva, babban birninmu, da albashi, kafin motar Nausori ta kawo shi gida labari ya riga shi. Wannan kuɗin makarantar yara, wancan kwanon rufi, waccan an yi mata rasuwa. A wurinmu in ɗan'uwa ya zauna a tabarmarka ya sunkuyar da kai ya roƙa, ba a ce masa babu. Kowa ya san haka, shi ya sa kowa ya iya ɓoye abinsa da yin fuskar tausayi. Kitione ne kaɗai bai koya ba. Ya tara abin aure aka kwashe, ya sake tarawa aka sake kwashewa, har yarinyar da yake nema ta gaji ta auri wani ɗan sanda. Kekensa ya tafi, agogonsa ya tafi, ƙaramin kwale-kwalen da ya saya don ranar tsufa ma yana wani ƙauye yana kama wa wasu kifi.

Abu ɗaya ne ya tsira, tsohon rediyonsa mai hawa uku: na kama tasha, na kaset, sai uwar da ke ba su ƙarfi. A hannun wani injiniya da zai koma ƙasarsu ya saye shi. Bai tsira don Kitione ya hana ba, ya tsira ne don yana da nauyin tsiya, kuma yaran yanzu suna ganinsa kayan kakanni. Lasifikokinsa biyu kuwa danshin Rewa ya gama da su. Soson da ke zagaye da bakinsu ya ruɓe ya koma gari, kyankyasai sun yi gida a ciki. In ya kunna, sai ka ce mutum ne ya tura kansa cikin tukunya yana waƙa.

Waƙar coci ce rayuwarsa. Yana da kwali cike da kaset-kaset na gasar mawaƙan coci, waɗanda ya ɗauka da hannunsa daga rediyo duk shekarar da ya dace yana tudu. Shi kansa muryarsa kamar ta kwaɗo, ba ta shiga sahu. Abin da yake so shi ne wurin da maza suka shimfiɗa waƙa a ƙasa, sai mata su shigo da siririyar murya su hau can sama. Ya taɓa gaya mini cewa a ɗakin inji, in ƙara ta ishe shi, wurin nan yake rerawa a zuciyarsa.

Bayan ya bar aiki na lura sai na kira shi na sake kira kafin ya waiga. Na ja shi asibiti da faɗa. Likita ta sa masa abin ji a kai, ta danna wannan ta danna wancan, sannan ta juyo wurina kamar shi ba ya ɗakin. Ta ce inji ya cinye kunnen, kuma daga sama yake ci. Kukan tsuntsaye ya riga ya tafi, siraran muryoyi ne a layi, abin kuma yana sauri, ba ya dawowa.

A mota na maimaita masa da ƙarfi. Da muka haye gada ya ce, "Ashe muryarki ce za ta fara tafiya. Allah ya ji ƙaina."

"Allah ya bar maka ita ita kaɗai, tsohon banza," na ce. Muka yi dariya.

Washegari ya sauke lasifikokin nan ya kwance su a tsakar ɗaki. Ya ce yana so ya ji matan nan sosai, a fili, kafin ƙofar ta rufe. Sababbi kuwa ko a mafarki, ɗan abin da ake ba shi na fansho bai kai ga ƙafar guda ɗaya ba. Sai ya nufi shagon Bal Govind, mai gyaran rediyo a bayan kasuwar Nausori, abokinsa tun suna yara. Bal Govind yana da lasifika biyu da ya ciro daga wata motar bas da ta mutu, da wasu 'yan ƙanana biyu masu fitar da siririyar murya, waɗanda ya daɗe yana ajiya. Ba a yi maganar kuɗi ba. Kitione ya shiga laka har gwiwa ya kamo ƙaguwa, ya riƙa kai masa tare da gwaza daga bayan gida, har matar Bal Govind ta aiko a ce ya isa haka, tukunyarta ta gaji.

Ina wurin ranar da ya karɓo su. Bal Govind ya ɗaga yatsa ya ce, "Kiti, ka ji ni da kyau, in ma ba ka ji, Sala ta ji maka. Uwar rediyon nan tsohuwa ce, 'ya'ya biyu kawai za ta iya goyo. Ka ƙara mata na uku, ta mutu. Kuma kayanta sun ƙare a duniya, ko ni ba ni da su."

"Tsintacciyar mage dai ba ta mage," na ce ina kallon ƙurar da ke jikinsu. "Waɗannan sun saba da kiɗan 'yan tasha, ina za su iya waƙar Allah?"

"Ke ma kin saba da zagi, ga ki kina zuwa coci," in ji Kitione.

Akwatunan da kansa ya yi. Ya tsinto guntayen katako a wurin masu yankan itace, ya yi ta aune-aune da zare, ya yanka, ya manne da gam, ya toshe kowace kafa kamar mai gyaran kwale-kwale. Ya farke matashin kansa ya cusa audugar rimin a ciki, ya koma kwana da kai a kan dunƙulalliyar riga. In ya haɗa ya saurara bai yi masa ba, sai ya kwance ya sake. Hannunsa duk ƙunar dalma. Damina ta shigo ta same shi a kai.

Abin da ya ba ni mamaki, da ya gama sai ya ƙi yi musu fenti. Ya samo tsohon buhun albasa ya rufe fuskarsu, ya shafa wa katakon baƙin mai, har da ɗigon kashin kaji bai goge ba. Na ce wannan wane irin ƙazanta ne? Ya duba ƙofa, ya rage murya ya ce, "Abin da ba shi da kyau ba a roƙonsa." Wallahi sai da na zauna. Mutumin nan ashe duk shekarun nan yana sane. Ya san abin da ake yi masa, yana jin zafinsa, kuma sai da furfura ta gama rufe shi ya yi dabararsa ta farko. Na ji daɗi, na kuma ji haushi.

Ranar wata Asabar da hantsi ya aiko in zo. Ya rufe tagogi, ya tura tsumma a ƙasan ƙofa, muna ta gumi. Ya sa kaset. Maza suka fara, ɗakin ya cika da murya mai kauri, tsaf, babu ƙugi babu kakari. Ni na ji matan sun shigo, amma fuskarsa ba ta canza ba. Ya murɗa ya ƙara. Shiru. Ya sake ƙarawa har kwanukan da ke kan kanta suka fara rawa. Sai na ga bakinsa ya buɗe.

"Ga su nan," ya ce. "Sala, ga su nan!"

Ya zauna daɓas a ƙasa tsakanin akwatunan nan biyu masu warin albasa, hawaye na bin gemunsa, bai ko share ba. Ni ma na yi kuka, ba na ɓoyewa. Amma ina kukan ina kallon bangon gidan, kwano ne da falanki, kuma na san abin da bai lissafa ba. Ya ɓoye wa ido, amma sauti ba ya ɓoyuwa. Ƙarfin da kunnensa ke bukata kafin ya ji, ya isa a ji shi har bakin titi.

Kaset bai kai ƙarshe ba aka buga ƙofa. Jolame ne, ɗan marigayiya Vasemaca, ƙanwar Kitione. Ƙato ne mai shekara talatin da wani abu, direban tasi, kuma shi ke riƙe da ƙungiyar zari-ruga ta unguwa. Ɗan 'yar'uwa mace a gidan kawunsa vasu ne. Sauran dangi roƙo suke yi, vasu kuwa ɗauka yake, kuma kawun da ya hana shi ya zubar da mutuncin gidansu gaba ɗaya. A zamanin kakanni vasu yakan ɗauki alade ko kwale-kwale, amma ranar yaƙi shi ne a gaban kawunsa. Na yanzu sun riƙe rabin farko sun manta da na biyu.

Ya shigo a sunkuye, ya zauna a bakin ƙofa da ladabinsa, idonsa na kan buhun albasa. Momo yake ce wa Kitione, wato kawu, ni kuma Nei, wato inna.

"Momo, tun daga shagon Sinawa nake jin abin nan. Na ɗauka wata coci ce ta tare a gidanka."

"Tarkace ne," in ji Kitione. "Na motar bas."

"Tarkace mai albarka. Yau da yamma muna da taron tara wa ƙungiya kuɗin riguna, mai kiɗan da muka yi magana da shi ya tsere mana. Ka ga yadda Allah yake abinsa?"

"Nawa ne," na ce. "Ajiya na kawo."

Jolame ya yi dariya har da buga cinya. "Haba Nei Sala, ke da ko rediyon wayarki ba ki iya kunnawa? Jiya Bal Govind yake ba ni labarin ƙaguwa."

Na juya na dafa kafaɗar Kitione na yi magana a kunnensa, yadda ba zai ce bai ji ba. Na ce, "Ka ce a'a. Kalma ɗaya ce, ba ta kashe kowa. In an yi surutu a ce ni na sa ka, ni dama sunana ya daɗe da ɓaci."

Ya buɗe baki. Abin da ya fito shi ne, "Ɗana, ka bar mini su zuwa gobe. Gobe da rana akwai mawaƙa a rediyo."

"Momo, goben da sassafe za ka gan su a ƙofarka, kafin ma a buga ƙararrawar coci."

Jolame ya tafa hannu yadda ake yi in an karɓi abu, shi ke nan magana ta ƙare. Ya ce ai lasifika ba ta tafiya ba uwarta, ya haɗa da ita. Kitione da kansa ya naɗe wayoyin, da kansa ya rungumi akwati ɗaya ya kai bayan tasi, yana faɗin biyu kawai za a haɗa, biyu kawai, kar a sa su a rana. Jolame yana amsa waya yana cewa to, to. Da motar ta tashi na ce wa Kitione abin da ban taɓa ce masa ba, na ce shi ba mai kirki ba ne, matsoraci ne. Ya ce, "Fuskar Vasemaca ce da shi." Na tofar da yawu na tafi gida.

Da yamma na kasa zama, na je filin da ake taron. Lasifikokin suna kan bayan wata babbar mota, rana na dukansu, an yaye buhun albasar an yar. Wasu samari sun jona wa tsohuwar uwar nan ƙarin lasifika har huɗu da suka aro, wayoyi kamar taliya, kiɗa na tashi kamar ana rushe gini. Na kutsa ina ihu a cire, wani ya miƙo mini kujera yana cewa Nei ta zo rawa. Ban kai ga motar ba na ji kiɗan ya shaƙe, ya yi tari, ya ɗauke. Wani siririn hayaƙi ya fito ta bayan rediyon. Jama'a suka yi sowa suna dariya, wani ya kawo motarsa ya buɗe ƙofofi aka ci gaba da rawa.

Ba su dawo da safe ba, ba su dawo a makon ba. Kitione ya riƙa zama a bakin ƙofa yana kallon hanya. Ban gaya masa abin da na gani ba sai da ya tambaye ni kai tsaye. Da suka dawo, a cikin buhu suka dawo, takardar fuskarsu ta yage, ƙananan sun ƙone, uwar tana warin toyi. Jolame kuma bai zo shi kaɗai ba. Ya zo da dattijo guda da ƙunshin saiwar yangona, wadda muke jiƙawa mu sha a taro, yadda ake zuwa ban-haƙuri. Aka shimfiɗa tabarma, aka daka, aka jiƙa, dattijon ya yi doguwar magana mai daɗi a kan jini da zumunci. In an kawo maka yangonar ban-haƙuri ka karɓi ƙoƙon, magana ta mutu, ba a sake tayar da ita har abada. Ƙin karɓa kuwa ya fi laifin da aka yi muni. Kitione ya tafa, ya karɓa, ya shanye. Aka miƙo mini, na ce cikina yana ciwo. Har yau ana ba da labarin rashin kunyata a unguwa, amma ban ji mai ba da labarin hayaƙin nan ba.

Bal Govind ya buɗe uwar rediyon ya duba, ya mayar da murfin a hankali kamar mai rufe gawa. Ya ce zai cigita ko za a dace da wata, ya kuwa cigita, har can garin Lautoka mai nisa ya aika. Kitione ya koma laka neman ƙaguwa, ya ce a fara tarawa kafin a samu. A cikin ruwan nan sanyi ya kama shi, kunnen ya yi ruwa, ya kwanta. Da ya tashi, in ina magana sai ya zuba wa bakina ido. A coci ya bar wurin zamansa ya koma gaba, daf da mawaƙa, daga baya ya koma wurinsa na da, don duk ɗaya ne. Kwalin kaset ɗin ya tura shi ƙarƙashin gado.

Jolame ba mugu ba ne, kuma wannan ya fi komai ƙona mini rai, don da mugu ne da na san inda zan ajiye shi. Ya samu aikin tsinkar 'ya'yan itace a Ostareliya, ya tafi, ya dawo bayan shekara da ƙiba da sabon takalmi. Ranar Lahadi bayan coci sai ga shi da dangi a bayansa, yana ɗauke da wani kwali da ya kai ƙugunsa. Lasifika ce sabuwa fil, mai taya, mai fitilu masu canza launi, wadda ake haɗawa da waya. Ya ajiye ta a gaban kawunsa ya zauna a ƙasa, idonsa ya kawo ruwa.

"Momo, ban manta ba. Kullum ina gona ina tunawa. Wannan ta fi waɗancan sau goma."

Kitione bai ji ba, amma ya gane. Ya shafa kan Jolame, ya shafa lasifikar, ya ce tana da kyau. Mata suka yi ta cewa kai, wannan yaro ɗan halak ne, Vasemaca ta haifu. Jolame ya nemo waƙar mawaƙan coci a wayarsa, ya ƙure ƙarar. Fitilu suka fara wasa a bango. Maza suka shimfiɗa, mata suka shigo suka hau sama, kyakkyawar waƙa, har tsigar jikina ta tashi.

Kitione ya ɗora tafin hannunsa a jikin lasifikar yana jin motsinta. Can ya karkato wurina. Shi a ganinsa raɗa yake yi, amma da ƙarfi maganar ta fito, don ya daina jin muryar kansa.

"Sala, in matan sun shigo ki taɓa ni."

Sun daɗe da shigowa, suna can sama suna ta yi. Na kalli mutanen ɗakin, kowa ya sami abin kallo a tabarma. Jolame ne kaɗai bai ji ba, ya duƙufa a kan waya yana neman yadda zai canza launin fitilu. Kitione yana kallon bakina yana jira.

Na taɓa gwiwarsa. Ya lumshe ido, ya fara gyaɗa kai a hankali, yana bin wata waƙa da ba ita ake yi ba.

Jolame ya ɗago, fuskarsa ta washe. "Kin gani ko, Nei? Yana ji!"

Na tashi na nemi takalmina.